Fada Tansi da Ibadar Shiru

Da yawa daga cikinmu mazauna Anacha, in aka ce coci, ganga da lasifika ne ke fara zo mana a rai. To amma fa maƙwabtan nan namu Kirista suna da wata tsohuwar hanyar ibada wadda ginshiƙinta shiru ne, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka bi ta ɗan wannan yanki ne.

Asalin abin daga Masar ne. Wani mai zuhudu, Antoni, wanda ya rasu a 356, ya bar gari ya tare cikin hamada don guje wa hayaniyar duniya, mutane suka yi ta koyi da shi. A ƙarni na 6 kuma, can Italiya, Benedik ya rubuta wa mabiyansa ƙa'ida: da zarar an gama addu'ar dare ba mai buɗe baki sai gari ya waye, wajen cin abinci ma mutum ɗaya ke karatu, saura su saurara. A 1664 aka ƙara tsananta wannan ƙa'ida a gidan zuhudu na La Trappe da ke Faransa, har ta kai ko a bakin aiki da ishara suke biyan bukata.

Wannan hanya ce Fada Michael Iwene Tansi ya zaɓa. An haife shi a 1903 a yankin Aguleri, aka naɗa shi fada nan Anacha a 1937. Shekara 13 ya yi yana zaga ƙauyuka yana wa'azi, wato dai magana ita ce aikinsa. Sai a 1950 ya bar duk wannan ya tafi Ingila, ya shiga gidan zuhudu na Mount Saint Bernard, inda ba a magana sai da dalili. Can ya zauna cikin sanyi da aikin hannu har ya rasu a 1964. An dawo da gawarsa gida a 1986, sannan a 1998 Paparoma John Paul na Biyu ya zo Oba, kusa da nan, ya sanya shi cikin masu albarka.

Mu da muka zauna gaban malam a Islamiyya, wannan ba baƙon karatu ba ne. Tun muna yara aka koya mana cewa mumini ko dai ya faɗi alheri ko ya kama bakinsa. Sai dai kasuwa takan mantar da mu. Mu baƙi ne a garin mutane, mun kuma sha ganin yadda gardama kan ciniki, ko wani "an ce" da ba a san tushensa ba, ke sa a rufe shaguna, mata da yara su kwana cikin fargaba. Baki shi ke yanka wuya.

Saboda haka 'yan'uwa, in labari ya iso rumfarka ba ka san mafarinsa ba, to ya tsaya a nan. Allah ya tsare mana harsunanmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.