Gawo da ƙurar hunturu a ƙasar Damagaram

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, duk wanda ya bi hanyar da ta fita daga Zinder ta yi gabas ta Mirya zuwa yankin Hamdara ya san yadda sama take yin fari fat, ƙura ta kwanta a gashin ido da bakin randa, leɓe ya tsage, yara su kwana suna tari. Mutane kan ce hazo ne, lokacinsa ne, sai haƙuri. Haƙurin nan kuwa da rayuka ake biyansa, kuma ba shi kaɗai magabatan wannan ƙasa suka bar mana ba. Sun bar mana gawo. Tarihin wannan itace a Damagaram ya isa hujja cewa wani kaso na ƙurar da ake shaƙa yana hannun mutane, kuma kula da gawo aikin lafiya ne kamar yadda yake aikin noma.

Mafi yawan hazon da ke rufe Damagaram daga ƙasar Chadi yake tasowa, daga kwarin Bodele, wanda busasshen gindin tsohon babban tafkin Chadi ne. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi farar ƙasa mai laushi ta yo kudu maso yamma da ita. Masana na ɗaukar wurin a matsayin mafarin ƙura mafi girma a duniya. Manyan ƙwayoyin ƙura suna tsayawa a hanci da maƙogwaro, amma ƙananan, waɗanda ido ba ya gani, suna wucewa har cikin huhu, su tayar da fuka, su buɗe wa ciwon haƙarƙari hanya, su wahalar da zuciyar tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a shekarar 2019. Ga kuma sanƙarau, wanda yake bin wannan lokaci na bushewa, domin busasshiyar iska mai ƙura tana raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta sami mashiga. Tun 1963 likitan Faransa Lapeyssonnie ya zana zirin ƙasashen da annobar ke yawan faɗa wa, Nijar na tsakiyarsa. Tsakanin Nuwamba 2022 da ƙarshen Janairu 2023, an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Zinder, 18 suka rasu.

To ina gawo ya shigo? Halinsa ya saɓa wa na sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, gero ya sami rana da taki a gindinsa, da rani kuma ya yi kore shar, daidai lokacin da gonaki suke tsirara iska na kaɗawa. 'Ya'yansa abincin awaki da shanu ne, su kuma su bar kashinsu a inuwarsa. Sarakunan Damagaram sun san darajarsa. Ana ruwaito cewa a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwar Birnin Zinder ya rasu a 1884, hukuncin mai sare gawo yana iya kaiwa ga kisa. Ko da an yi ƙari a ruwayar, ta nuna matsayin itacen a idon masu mulki da talakawa. Da Faransawa suka kafu, dokar daji ta 1935 ta mayar da iko da itatuwa hannun hukuma, dokar da aka yi bayan samun 'yancin kai ma ta bi sawunta. Manomi ya wayi gari gawon da ke gonarsa ba nasa ba ne, in ya sassabe reshe ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai mutane suka riƙa tumɓuke toho tun yana ƙarami. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka tarar da gonaki fili fetal, iska ta riƙa kwasar rairayi tana binne shuka, manomi ya yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. Daga tsakiyar shekarun 1980 ne manoman Mirya, Magarya da Matamaye suka koma barin toho a gona suna yi masa aski, ba tare da wani ya dasa musu ba, har bincike ya nuna cewa gawo ya sake rufe kimanin hekta miliyan ɗaya a waɗannan gundumomi uku. Dokar daji ta 2004 ta zo daga baya ta sassauta wa manomi.

Mai musu zai ce gawo ba ya tare ƙurar Bodele, wadda ke tafiyar ɗaruruwan kilomita can sama. Gaskiya ne, kuma babu dajin da zai tare ta. Sai dai ƙurar da mutumin Hamdara yake shaƙa iri biyu ce. Akwai baƙuwa, akwai ta gida, wadda iska ke tayarwa daga jigawar da aka kwashe karanta aka bar ta ba komai, da hanyar da kabu-kabu ke turbuɗewa, da filin kasuwa. Ita wannan ta gida a daidai tsayin hancin yaro take yawo. Itace mai ganye da karan da aka bari kwance a gona suna rage gudun iska a ƙasa, iskar da ta rage gudu kuwa ba ta iya ɗaga rairayi. A nan ne gawo yake aikinsa, kuma a watannin da ake buƙatarsa.

Wani kuma zai ce allura ce ta karya lagon sanƙarau, ba itace ba. Wannan ma haka ne: rigakafin MenAfriVac da aka fara a Nijar a 2010 ya kusan shafe nau'in A, kuma duk uwar da ta ji ana rigakafi ta kai ɗanta. Amma a 2015 nau'in C ya ɓarke ya kama dubbai a ƙasar, kuma babu allurar da ke hana ƙura tayar da fuka. Ba a zaɓar ɗaya a bar ɗaya. Haka zancen amawali yake: ko don kunya da sarauta aka fara naɗa shi, yana tare manyan ƙwayoyi, ƙanana kuwa sai takunkumi mai kyau da ya kama fuska. Ranar da hazo ya yi kauri, jarirai da tsofaffi da masu fuka su zauna ɗaki, a yayyafa ruwa kafin shara, a daina ƙona leda da shara a cikin unguwa, domin hayaƙinsu ƙari ne a kan ƙura. Yaron da numfashinsa ke sauri, ko mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a kai shi asibiti a ranar.

Abin da ya rage shi ne ƙananan hukumomi irin Hamdara, da masu gari da ma'aikatan lafiya, su sa gawo cikin lissafinsu na lafiyar jama'a. A tabbatar wa manomi cewa itacen da ya rena nasa ne, a hukunta masu sare na wasu da dare su kai kasuwar itace, a bar kara a gona har shuka.