Labarin Katsina Laka

Mun lura da yawa daga cikinku, 'yan makaranta, kun iya lissafa kogunan Ingila da sarakunan Masar ba gargada, amma in aka tambaye ku inda Gulbin Sakkwato ya samo asali sai ku yi shiru. To, ga shi kuwa kusa da Funtuwa ya ɓuɓɓugo, kafin ya miƙa yamma ya bi ta Gusau. Saboda haka yau muka ga ya kamata mu ba ku labarin wannan yanki na kudancin Katsina, wanda mutanen da ke kira Katsina Laka, don kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sunan nan ba a banza aka sa shi ba. Wanda ya taso daga birnin Katsina ya yi kudu, da fari jigawa zai yi ta ratsawa, ƙasa mai rairayi, ta gero da gyaɗa. Amma kafin ya isa Malumfashi sai ya ga ƙasa ta sake, ta yi nauyi, tana kama ƙafa da damina, tana daddarewa da rani. Itatuwa su ƙara tsawo, ga ɗorawa ga kaɗanya, duwatsu kuma su fara leƙowa nan da can. Ruwan da ke sauka wajen Funtuwa ya kan kai kamar inci 40 a shekara, alhali na birnin Katsina ba ya cika 30. Laka da ruwa, su ne tushen dukan abin da za mu faɗa. Dawa na son su, auduga ma haka, inda dawa da auduga suka zauna kuwa mutane ba su rasa zuwa.

Tun kafin jihadi akwai manyan garuruwa masu ganuwa a nan, kamar su Maska da Gozaki da Birnin Kogo da Pauwa, kowane da sarkinsa, suna bin Sarkin Katsina. Da yake yankin na tsakanin Katsina da Kano da Zazzau da Zamfara, fatake ba su yanke ba. Kada ku yi tsammanin Turawa ne suka koya wa mutanen nan auduga. Tun can mata ke gurza ta da magurji, su kaɗa zare da mazari, masaƙa su saƙa, marina su rina da baba, a kai kasuwannin nesa. Maska ta yi suna ƙwarai da wannan sana'a. Akwai kuma Maguzawa, waɗanda suka riƙe al'adun kakanni, da manyan gidajensu na gandu a tsakiyar gonaki, musamman wajen Malumfashi da Kafur. Kowa ya san su ya shaide su da ƙarfin noma. Fulani ma sun iske ciyawa da ruwa, shanunsu suka taka gonakin manoma da kaka.

Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo, Malam Ummarun Dallaje ya ci birnin Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka ƙaura arewa, daga baya suka kafa Maraɗi. Aka raba ƙasa ga manyan jama'a, sarautar Galadiman Katsina ta kafu a kudu, har yau kuwa Galadima shi ne hakimin Malumfashi. Amma ƙarnin nan bai zo da kwanciyar rai ba. Mayaƙan Maraɗi suka riƙa kawo hari, sai mutane suka takura cikin ganuwa, ba mai iya noma nesa da gari. Ƙasa mai albarka ta koma kurmi a wurare da dama. Ku riƙe wannan da kyau, za mu komo kansa.

Turawa suka shiga Katsina cikin 1903, Sarki Muhammadu Dikko ya hau gado cikin 1906, ya yi mulki har 1944. Da hare-hare suka ɗauke, sai mutane suka fito daga ganuwa, suka shiga sarar daji. Baƙi suka yi ta kwararowa daga arewa, balle bayan babbar yunwar 1914, kowa na neman inda zai kafa bukka ya sami abin kaiwa baki.

A nan ne labarin ƙasarmu ya haɗu da na wata ƙasa mai nisa. Masaƙun birnin Manchesta a Ingila da audugar Amurka suka dogara. Sa'ad da Amurkawa suka yi yaƙin basasa, daga 1861 zuwa 1865, auduga ta yanke, ma'aikata dubbai suka rasa abinci. Attajiran can ba su manta da wannan wuya ba, don haka cikin 1902 suka kafa ƙungiyar neman auduga daga ƙasashen da Ingila ke mulki, watau BCGA, wadda bakin Bahaushe ya mayar Bisije. Suka kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka kawo irin Amurka mai suna Allen, aka buɗe gonar iri a Daudawa, aka riƙa raba wa manoma angurya. Da kaka sai kowa ya ɗaura wa jaki kaya a nufi fuloti, a auna, a biya shi, da kuɗin nan ya biya haraji. Ba manomi ke yanka farashi ba, abin da aka ba shi shi ya ke karɓa. Masaƙan gida kuwa suka yi ta takara da Bisije wajen sayen audugar, sau da yawa ma su suka fi ba da kuɗi.

Sa'an nan aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda cikin 1929. Funtuwa, wadda da ƙaramin gari ce, ta bunƙasa, Yarabawa da Ibo da sauran kabilu suka zo ciniki suka zauna. Sarkin Maska ma Funtuwa ta zama mazauninsa, tsohon birni ya koma baya. Haka duniya ta ke, juyi-juyi.

Bayan samun mulkin kai, cikin 1975, aka fara babban aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, ya haɗa har da gundumomin Malumfashi da Bakori da Faskari da Ƙanƙara. Aka yi hanyoyi da madatsun ruwa, aka yaɗa takin zamani. Masara, wadda da a bayan gida a ke shuka ta don gashi, ta zama babban amfanin gona. Gaskiya ne masu manyan gonaki sun fi talakawa cin moriyar aikin, amma ya sake fuskar noma. Auduga kuwa ta ja baya, bayan an rushe hukumar cinikinta cikin 1986 masaƙun ƙasa kuma suka yi ta rufewa. Cikin 1987 aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna, wannan yanki ya zama rumbunta: hatsi a kasuwar Dandume, tumatir a Danja.

To, mun ce za mu komo kan wata magana. A 'yan shekarun nan ɓarayin daji sun addabi yammacin yankin, kamar su Faskari da Sabuwa da Dandume. A watan Disamba na 2020 suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara, 'yan makaranta irinku, kafin Allah ya sa aka sako su. Manoma da yawa suka bar gonakin nesa, daidai kamar yadda kakanninsu suka yi zamanin Maraɗawa. Ashe laka ba ta ciyad da kowa sai da zaman lafiya, shi ya sa aka ce zama lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Ganuwar Gozaki ta zaizaye, jirgi ya daina kai da kawowa yadda ya saba, amma laka na nan inda ta ke. Ita ce gadonku na gaske. In kun tafi hutu, ku zauna gaban tsofaffi, ku tambaye su daga ina kakanninku suka zo, wa ya sari dajin garinku, ku rubuta kafin su kau. Kada kuma alƙalami ya sa ku raina fartanya, gama da kuɗin audugar iyaye aka gina makarantu da dama. Allah ya zaunad da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, amin.