Barrandov: Gidan da Ya Raini Finafinan Barkwanci na Ƙasar Cek

Barrandov ita ce babbar masana'antar shirya finafinai ta ƙasar Cek, kuma tana cikin mafi daɗewa a Turai. Tana kan wani tudu a kudu maso yammacin birnin Prag, a saman kogin Vltava. Sunan ya samo asali daga Joachim Barrande, wani Bafaranshe masanin duwatsu da ya yi bincike a wurin a ƙarni na 19.

'Yan'uwa biyu ne daga gidan Havel suka kafa ta. Babban, Václav, magini ne, shi ya mayar da tudun unguwar zama mai gidajen alfarma da wurin shaƙatawa. Ƙaninsa Miloš kuwa tun yana saurayi ya rungumi harkar fim, ya riƙe gidan siliman Lucerna na mahaifinsu, sannan a 1921 ya kafa kamfanin A-B. Da finafinai masu magana suka shigo, Miloš ya ga cewa ƙasa ƙarama kamar Cekoslobakiya, wadda Cek ke cikinta a lokacin, ba za ta ji harshenta a majigi ba sai ta mallaki ɗakunan ɗaukar fim na kanta. Aka fara gini a 1931 bisa zanen Max Urban, kuma a farkon 1933 aka ɗauki fim na farko. Ɗan Václav, mai sunan mahaifinsa, shi ne marubucin da ya zama shugaban ƙasa a 1989.

A lokacin mamayar Jamus, daga 1939 zuwa 1945, an ƙwace masana'antar, an kuma ƙara mata manyan ɗakuna uku da ake aiki da su har yau. A watan Agustan 1945 gwamnati ta mayar da harkar fim gaba ɗaya mallakar ƙasa. Ko a shekarun takura da suka biyo baya, raha ba ta mutu ba: darakta Martin Frič ya shirya Císařův pekař, inda Jan Werich ya fito a matsayin sarki Rudolf na Biyu da kuma mai gasa burodi da ke kama da shi.

Shekarun 1960 su ne lokacin da Barrandov ke tinƙaho da shi. An raba aiki ga ƙananan rukunoni masu ikon zaɓar labari, matasan da suka fito daga makarantar fim ta FAMU suka sami fili. A 1964 Oldřich Lipský ya fitar da Limonádový Joe, fim mai waƙoƙi da ke tsokanar finafinan kaboyi na Amurka, jaruminsa ba ya shan komai sai lemo. A 1967 Miloš Forman ya yi Hoří, má panenko, labarin liyafar 'yan kwana-kwana a wani ƙaramin gari, inda kyaututtukan caca ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, gida kuma ya ƙone ana tsakiyar biki. Yawancin waɗanda suka fito a ciki mutanen gari ne da ba su taɓa wasan fim ba. Jiří Menzel ya ɗauko littafin Bohumil Hrabal ya yi Ostře sledované vlaky, labarin wani matashin ma'aikacin tashar jirgin ƙasa a lokacin yaƙi, ya kuma ci kyautar Oscar a 1968. Abin da ya haɗa waɗannan finafinai shi ne tausayin talaka: suna nuna wautarsa da rauninsa ba tare da sun wulaƙanta shi ba, dariyar kuma tana tafe da ɗan baƙin ciki.

Bayan shigowar sojojin ƙawancen Warsaw a Agustan 1968, an kulle wasu finafinai, Forman ya koma Amurka. Waɗanda suka zauna suka karkata ga barkwancin iyali da tatsuniya, irin su Marečku, podejte mi pero! na 1976, wanda Zdeněk Svěrák da Ladislav Smoljak suka rubuta, da Tři oříšky pro Popelku na 1973, da ake nunawa kowace Kirsimeti a Cek da Jamus da Norway. Fim ɗin Menzel da aka hana, Skřivánci na niti, ya fito a 1990 ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin.

Bayan 1989 masana'antar ta koma hannun 'yan kasuwa, ta buɗe ƙofa ga baƙi, aka ɗauki sassan Mission: Impossible da Casino Royale a cikinta. Wannan aiki ne ke riƙe kafintoci da teloli da masu ɗaukar hoto da suka gaji sana'ar daga magabata, shi ke kula da rumbun tufafin wasa mai tarin yawa. Saboda haka har yanzu darakta ɗan Cek yana da inda zai je a ƙasarsa ya shirya fim cikin harshensa, abin da Miloš Havel ya gina wurin dominsa fiye da shekara 90 da suka wuce.