Faifan da Na Tsinta Cikin Tarkace

Ranar kasuwar Dakoro, can bayan ƴan gwanjo, akwai wani tsoho da ke shimfiɗa buhu ya baza tarkace: tocila marar kai, kwaɗo babu makulli, tsofaffin kaset. A nan na hangi baƙin faifan garmaho, ya rufe kwanon ƙusoshi da shi don kada rairayi ya shiga.

"Baba, wannan fa nawa?"

"Murfin? Ɗana, kawo dala ashirin."

A wurinsa murfi ne, kuma bai yi kuskure ba, tunda sunan faifan rufe ƙwarya Bahaushe ya ara ya laƙaba wa abin. Na share ƙurar da hannun riga. Takardar tsakiya ta koɗe, amma ana iya karanta Gospel Recordings, ga kalmar Hausa a ƙasa. Sai da gabana ya faɗi.

Wata Ba'amurkiya mai suna Joy Ridderhof ce ta kafa wannan ƙungiya a Los Angeles a 1939, bayan ciwo ya koro ta daga aikin mishan a Honduras. Tunaninta shi ne, wanda bai iya karatu ba ai yana da kunne. Suka yi ta ɗaukar wa'azi da waƙoƙi cikin harsuna barkatai, masu bishara suna yawo da faya-fayan ƙauye-ƙauye tare da garmahon da ake wanawa da hannu. Daga baya har na kwali suka ƙera, a naɗe shi, a sa allura, a juya faifan da tsinke.

Ƙasarmu Nijar ta dace da wannan dabara. Mishan ɗin SIM sun sauka Zinder a 1924, suka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932, amma mutum nawa ke karanta boko a lokacin? Dakoro kanta sai 1947 Faransawa suka mai da ita mazaunin mulki. Manomi da makiyayi a bakin kwarin Tarka, murya ce ke isa gare su kafin takarda. Da rediyon ELWA ta fara watsa shiri daga Laberiya a 1954, kaset kuma ya biyo baya, sai garmaho ya koma ƙarƙashin gado.

Na yi wata biyu ina neman abin da zai juya faifan sau 78 a minti. Wani mai gyaran rediyo a Maraɗi ya ara mini nasa, da gargaɗin in lallaɓa allurar. Na kunna a tsakar gida bayan magariba. Da farko ƙara ce kamar ana suyar gyaɗa, sannan muryar namiji ta fito, a natse, yana ba da labarin ɓataccen ɗa. Ɗaya gefen waƙa ce, kalmomin Hausa bisa karin Turawa, babu ganga, babu tulu, babu guɗa, irin ta kafin zumuntar mata su shigo da kiɗanmu cikin ikilisiya.

Inna tana tsince wake, sai ta ajiye tiren ta kama waƙar tun kafin baiti ya ƙare. Ta ce uwarta ke yin ta wurin daka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takardar nan. Akwai sunan ƙungiya, akwai lamba, akwai sunan harshe, amma mutumin da ya zauna gaban na'ura ya ba da muryarsa, ba a rubuta shi ba. Wannan bai yi mini daɗi ba. Bahaushe ne ɗan wani gida, mai yiwuwa jikokinsa na nan da rai.

Faifan yana da tsaga a baki, allura na tsalle a wuri guda. Duk sanda ta tsallake, Inna ce ke cike gurbin. Daren nan sau huɗu ta sa na maimaita.