Yadda Ingila Ta Sauya Awon Ɗaliban Kwamfuta

A shekarar 1998, malamai biyu na King's College da ke Landan, Paul Black da Dylan Wiliam, suka nuna cewa tambayar da malami ke yi a cikin aji, da gyaran da yake wa ɗalibi nan take, suna ƙara fahimta ƙwarai.

A 2014 Ingila ta sa rubuta manhajar kwamfuta cikin tsarin karatun makarantunta. A jarrabawar sakandare ta GCSE, aka ba ɗalibai aikin manhaja na awa 20, mai ɗauke da kashi 20 cikin 100 na maki. Ba a jima ba amsoshin suka bazu a intanet, ɗalibai suna kwafa. A Janairun 2018 hukumar Ofqual mai kula da jarrabawa ta cire makin, amma ta ce lallai a ci gaba da yin aikin.

Ni dai ina ganin hukuncin ya yi daidai, domin ya dace da abin da Black da Wiliam suka nuna. Malamin da ya zauna kusa da ɗalibi, ya ce masa ya bayyana abin da kowane layi na manhajar ke yi, shi ne zai gane wanda ya iya da wanda ya kwafa.