Tandun Kwalli Daga Burmi Zuwa Mai Wurno

Mai sauraro, ko kana ruga ko kana kasuwar kan iyaka, leƙa jakar uwargida, da wuya ka rasa tandun kwalli.

Da aka ci Burmi a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a gabas, har suka zauna bakin kogi kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, noman audugar Jazira ya ƙara tsayar da mahajjata masu tafiyar ƙasa. Kwalli na cikin kayansu. Can gida dutse ne mai ƙyalli da ake haƙowa wajen Binuwai, a niƙa shi lilis. Nan kuma aka haɗu da na Larabawa da tsarabar Makka.

To, garin kwalli busasshe ba ya riƙe ƙwayoyin cuta sosai. Tsinken ne abin ji. Ya shiga idon kaka, ya koma tandu, ya fito ya shiga idon jariri. Wata ma sai ta lasa shi tukuna. Amosanin ido, mai juya gashin ido ciki yana gogar ƙwaya har mutum ya makance, ta ruwan ido yake yaɗuwa: yatsa, mayafi, ƙuda. Kai makiyayi ka fi kowa sanin ƙudan garke. Haka apolo, da ta ɓulla a Gana a 1969 ta bi ƙasashe. Tsinke guda ya isa ya zagaya da ita gida.

Awon na zamani ba wuya. A ɗebi kwallin a shafa a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye da ɗumi kwana biyu zuwa biyar, a ƙirga abin da ya tsiro. Wanda aka kwaɓa da ruwa ko aka buɗe ya daɗe, shi ya fi ba da tsoro. Dalma kuwa awonta daban: a 2011, a Boston ta Amurka, an sami gubarta a jinin wani jariri, aka auna kwallin Nijeriya da ake sa masa, kashi 82 cikin 100 dalma ce.

Kai mai tebur a kasuwar Singa ko Damazin, ni dai ban ga dalilin barin tsinke ɗaya kowa na gwadawa ba. Sayar da shi a rufe, kowane tandu da tsinkensa, na jariri kuma a haƙura.