Manchesta, Garin Da Auduga Ta Gina

'Yan uwana mata, wace ce a cikinmu ba ta san atamfa 'yar Ingila ba? A zamanin iyayenmu in aka buɗe akwatin lefe babu 'yar Ingila babu 'yar Holan, to ranar dangin amarya sun sami abin gutsiri-tsoma. Amma kaɗan ne suka taɓa tambayar inda ake buga ta. A wani ƙaramin gari ne mai suna Hyde, gefen birnin Manchesta, kuma Allah ya nufe ni da zuwa wannan birni yawon buɗe ido.

Shi Manchesta auduga ce ta gina shi, alhali ba ta fita a ƙasarsu saboda sanyi. A ƙarni na 19 daga Amurka ake kawo mafi yawanta, bayi baƙar fata ne ke noma ta, a sauke a tashar ruwan Libaful, sannan a kai masaƙu. Yawan wannan kaya na daga cikin abin da ya sa aka buɗe hanyar jirgin ƙasa tsakanin garuruwan biyu a 1830. Tsohuwar tashar tana nan, an haɗa ta cikin gidan tarihin kimiyya da masana'antu.

A gidan tarihin nan aka tayar mana da injin saƙa irin na da. Wallahi guda ɗaya tal, amma sai da na toshe kunne. To ki ƙiyasta ɗaruruwansu a ɗaki guda, tun asuba har dare. Kuma su wa ke tsaye a gabansu? Akasari mata ne irinmu da 'yan yara. Da yawa sun kurmance, har suka koyi gane magana daga motsin leɓen juna, ƙurar auduga kuwa ta cinye musu huhu. Ƙananan yara ake sa wa su rarrafa ƙarƙashin inji yana gudu su tsinto audugar da ta zube. A 1833 doka ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba, sai kuma a 1847 aka rage aikin mata zuwa awa 10 a rana. Awa goma fa 'yar uwa, wai an yi musu sauƙi ke nan! In ta koma gida kuma ga girki ga wanki na jiranta.

Daga nan na taka zuwa unguwar Ancoats, inda manyan masaƙun jan bulo masu hawa-hawa suke. An gyara su sun zama gidajen zama masu tsada, ga wuraren shan shayi kewaye da su. Babbar kasuwar auduga, Royal Exchange, ta daina ciniki a 1968, a 1976 aka buɗe gidan wasan kwaikwayo a cikinta, amma allon farashin ranar ƙarshe yana nan a maƙale a sama. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, an adana ginin masu kuɗi, an adana injinsu, har farashinsu an adana, su kuwa 'yan akurkin gidajen da matan nan suka haihu a ciki, yawanci tuni an rushe su. Baƙo sai ya yi ta yaba kyan bulo bai san wadda ta sha wuya a bayansa ba.

Mu ma fa labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. A 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Manchesta, idonsu na kan audugar Arewa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sun ɗauka kakarsu ta yanke saƙa, sai manomanmu suka ga gyaɗa ta fi riba, audugar kuma masaƙanmu na gida sun fi Bature saye da daraja. Daga baya, a 1957, gwamnatin Arewa ta haɗa hannu da wani kamfanin yankin Lankasha aka buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri. Ita ma ta rufe a 2002. 'Yar Ingilar kanta, a cikin shekarun 2000 aka kwashe aikin buga ta daga Hyde aka mayar Ghana.